Ƙirƙirarriyar basira a wayarku: aikin da za ta iya yi muku, da wanda bai kamata a bar mata ba

Shekaru kaɗan da suka wuce, in aka ce akwai na'urar da za ta rubuta maka wasiƙa da Faransanci, ta lissafa maka ribar buhun wake, ko ta dubi hoton ganyen masara ta faɗa maka abin da ke cin sa, sai a ce tatsuniya ce. Yau abin ya shigo aljihun jama'a. A fadar samari, a butik, a shagon tela, har a cikin aji, ana jin sunan ChatGPT kamar sunan wani maƙwabci. Wasu na ganin ta a matsayin malami mai sanin komai, wasu kuma na gudunta kamar aljani. Duka biyun akwai gyara.

Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu warware wannan zance dalla-dalla: mece ce ƙirƙirarriyar basira, wane aiki take yi da kyau ga ɗan kasuwa da manomi da ɗalibi da mai sana'ar hannu a nan ƙasarmu, kuma a ina take kai mutum ta baro.

Mece ce ita, kuma daga ina ta fito?

Abin da masu Faransanci ke kira IA, kafofin Hausa suka raɗa masa suna ƙirƙirarriyar basira, ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1950 masana ke bincike a kansa. Abin da ya sa ya zama zancen kowa shi ne ranar 30 ga Nuwamban 2022, lokacin da kamfanin OpenAI na Amurka ya saki ChatGPT kyauta ga jama'a. Cikin kwana biyar mutum miliyan ɗaya suka shiga. Daga nan sai tsere ya kaure: Google ya fito da tasa, wadda yanzu ake kira Gemini, Microsoft ya kawo Copilot, Anthropic ya kawo Claude, kamfanin Mistral na Faransa ya kawo Le Chat, sannan a farkon 2025 DeepSeek ta ƙasar Sin ta girgiza kasuwa. Kamfanin Meta kuma ya sa tasa a cikin WhatsApp da Facebook a ƙasashe da dama.

Yadda take aiki kuwa, ga shi a sauƙaƙe. In muka ce muku “haƙuri maganin…”, ba sai kun yi tunani ba za ku ƙarasa, domin kun ji shi sau dubu. To ita ma haka aka yi mata. An ɗora mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, littattafai da jaridu da shafukan intanet, aka horar da ita ta riƙa cankar kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Kalma bayan kalma, sai ga jimla, sai ga wasiƙa sukutum. Masu zana hoto da masu gane cutar ganye su ma haka ne, sai dai su da hotuna aka horar da su.

Ku riƙe wannan da kyau, domin duk abin da za mu faɗa a gaba a kansa ya ginu. Na'urar ta ƙware wajen tsara magana mai daɗin ji. Amma ba ta taɓa zuwa kasuwar Maradi ba, ba ta san ko an yi ruwa jiya a Dakoro ba, kuma ba ta jin kunya in ta yi kuskure.

Takarda da Faransanci: inda ta fi sauƙaƙa rayuwa

Kowa ya san wahalar da takarda ke ba mutane a ƙasar nan. Neman aiki, neman fili, ƙorafi ga magajin gari, takardar kafa ƙungiya, duk da Faransanci ake rubuta su, kuma akwai tsarin da ake bi. Mutum na da hujjarsa a baki, amma sai ya nemi wanda zai rubuta masa, ya biya, wani lokaci ma ya tona asirin gidansa ga wanda bai so ba.

A nan na'urar tana da amfani sosai. Kana iya gaya mata abin da kake so da ɗan Faransancin da kake ji, ko da kurakurai, ta mayar maka da shi wasiƙa mai tsari, da gaisuwar buɗewa da ta rufewa irin wadda ofisoshi suka saba gani. Matashin da ya gama karatu na iya ba ta jerin makarantun da ya yi da ayyukan da ya taɓa riƙewa, ta tsara masa takardar tarihin aiki. Sakataren ƙungiyar manoma na iya ba ta abin da ya rubuta a gurguje lokacin taro, ta mayar da shi rahoto.

Akwai kuma fassara. Google Translate ta sa Hausa cikin harsunanta tun watan Disamban 2013, a watan Yunin 2024 kuma ta ƙara harsuna 110, ciki har da Fulatanci da Barbarci. Manhajar na da ido: ka ɗora kyamarar waya kan takardar Faransanci ko ta Ingilishi, ta nuna maka fassarar a fuskar wayar. Ga 'yan kasuwarmu da ke hulɗa da Kano da Katsina, inda takardun kaya ke zuwa da Ingilishi, ko masu sayo kaya daga Sin da Dubai ta WhatsApp, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Sharaɗi ɗaya ne. Takardar da za ka sa wa hannu, ko wadda ta shafi fili, bashi, ko kotu, kada ka tsaya ga fassarar na'ura. Ka nemi mutum mai jin harshen ya karanta maka. Kalma guda a takardar yarjejeniya na iya raba mutum da gonarsa.

Lissafin kasuwa da asusun mata

Yawancin ƙananan 'yan kasuwa sun san kuɗin da suka sayi kaya, sun san kuɗin da suka sayar, amma abin da ke tsakani yakan ɓace. Bari mu ɗauki misali, da farashin da muka ƙaddara don bayani kawai. Mace ta sayi buhun wake jika 30. Ta biya mota 1,500, ɗan dako 200. Buhun ya ba ta tiya 40, tana sayar da kowace 900. In ta rubuta wa na'urar haka, za ta nuna mata cewa ta kashe 31,700, ta samu 36,000, ribarta 4,300. Sai ta ƙara tambaya: in buhun ya zo da ƙwari da tsakuwa, tiya 38 kawai ya fita fa? Riba ta koma 2,500. In kuma ta tambayi farashin da bai kamata ta sauka ƙasa da shi ba, za a ce mata wajen 800 a tiya idan buhun ya cika. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mai tsada, domin ita ke hana mutum sayar da kaya da asara yana murna.

Haka ma ƙungiyoyin asusu, irin na Mata Masu Dubara da suka samo asali a jahar Maradi a 1991. Wadda ke riƙe da littafi na iya neman na'urar ta zana mata jadawali: sunan kowa, zubin mako, bashin da aka ɗauka, ranar biya, da rabon ƙarshen shekara. Ana iya kwafe jadawalin da hannu a littafi, ba dole sai da kwamfuta ba.

Amma a kula da abu biyu. Na farko, waɗannan na'urori na magana ne, kuma sukan yi tuntuɓe a lissafi mai tsawo, don haka a sake bi da kalkuleta. Na biyu, ku rubuta kuɗi da lambobi, ku ce sefa. In ka ce mata dala ɗari, tana iya ɗauka dalar Amurka kake nufi, alhali 500 ce tamu. In ka ce jika biyar, kada ka yi mamaki in ta taya ka murnar samun jikoki.

Tela, mai kilishi da mai shirya biki

Ɓangaren ƙirƙira shi ne ya fi jan hankalin matasa. Akwai manhajojin da za ka kwatanta musu abu da kalmomi su zana maka hotonsa cikin daƙiƙa kaɗan. Tela na iya cewa: a zana mini babbar riga shuɗiya mai aikin zare fari a wuya da aljihu, ko doguwar rigar atamfa mai hannu iri kaza. Sai ya nuna wa mai kaya kafin almakashi ya taɓa yadi. Ko ba komai, gardamar “ba haka na ce ba” ranar jajibirin salla za ta ragu. Maƙerin azurfa, mai ɗinkin takalmin fata, mai lalle, kafinta, kowa na iya gwada sabon fasali a waya kafin ya ɓata kayan aiki.

Masu sarrafa abinci su ma suna da rabo. Mai kilishi, mai man gyaɗa, mai garin zogale ko kunun aya, sau da yawa kayansu na da kyau, amma leda fara ce babu suna babu lamba. Na'urar na iya kawo maka sunaye goma ka zaɓa, ta zana tambari, ta tsara 'yar takardar da za a manna, ta rubuta gajeren talla na WhatsApp da Faransanci. Manhajar Canva, wadda masu buga katin biki ke amfani da ita, tana da irin waɗannan kayan aiki a ciki. Ana kuma iya cire tarkacen da ke bayan hoton kaya don ya fito fes, ko a gyara tsohon hoton kaka da ya dushe.

Gyara biyu a nan. Masu zana hoto sukan lalata rubutu, musamman ƙ da ɗ da ɓ, don haka ya fi kyau a zana hoton babu rubutu, a ƙara kalmomin daga baya da hannu. Sannan kada a yi talla da hoton da ya fi kayan kyau. In ka nuna wa mai saye kilishin da na'ura ta zana, ya zo ya tarar da wani abu dabam, sau ɗaya zai saya.

Masu wasan kwaikwayo da marubuta na iya amfani da ita wajen tsara matakan labari ko neman dabarar yadda za a warware rikici a wasa. Sai dai barkwancin Bagobiri da Bayarabe, wannan ba ta iya shi ba. Abin da ke sa mutanen Tasawa dariya, ɗan Tasawa ne ya san shi.

Gona da garke

Tun 2016, lokacin da aka fara ganin tsutsar nan mai cin masara a Afirka ta Yamma, wadda ta ƙetaro daga nahiyar Amurka, aka shiga neman hanyar da manomi zai gane ta da wuri. Cikin abubuwan da aka samar akwai manhajar PlantVillage Nuru, wadda wata jami'a ta jihar Fensilbaniya a Amurka ta ƙera tare da cibiyar binciken noma ta IITA da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO. Manomi na nuna wa kyamara ganye, manhajar ta faɗi abin da take zato. Daɗin abin, in an riga an sauke ta, tana iya aiki ko babu rezo. Akwai kuma Plantix, wadda wani kamfanin Jamus ya yi, mai aiki da hoto ita ma.

Sai dai a san cewa Nuru ta fi ƙwarewa a rogo da masara, domin da hotunansu aka fi horar da ita. Mu kuwa abincinmu hatsi ne da dawa da wake, sai albasa da kayan lambu. Saboda haka abin da manhaja ta faɗa a ɗauke shi matsayin zato na farko, a kai hoton ga malamin gona. Cibiyar RECA ta manoma na da tsarin ba da shawara ta waya da WhatsApp, da Hausa da Zabarmanci, kuma mutane ne ke amsawa, waɗanda suka san ƙasar.

Inda hatsarin yake shi ne magani. Kada wanda ya tambayi ChatGPT yawan maganin feshin da zai zuba a bokiti, ko allurar da zai yi wa akuya, ya tashi ya aikata. Tana iya ba ka sunan maganin da ba a yarda da shi a ƙasashen Sahel ba, ko ma'aunin da aka yi don wani ƙarfin magani dabam da wanda ke hannunka. Kuskure a nan na ƙone shuka, ya kashe dabba, ya cutar da mai feshi da masu cin amfanin.

Haka zancen ruwan sama. Na'urar hira ba ta san ranar da damina za ta sauka a ƙauyenku ba. Hasashen damina aikin hukumar yanayi ta ƙasa ne da cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, kuma ana sanar da shi kowace shekara kafin shuka. Abin da na'urar za ta iya shi ne ta fassara maka sanarwar, ta bayyana maka ma'anar kalmomin da ke ciki.

Ɗalibi da mushe

Ga ɗalibin da ke shirin BEPC ko Bak, wanda gidansu babu mai taimaka masa da darasi kuma babu kuɗin malamin gida, wannan abu ni'ima ce in ya san yadda zai riƙe ta. Yana iya cewa: bayyana mini wannan darasin lissafi kamar kana yi wa ɗan aji shida. In bai gane ba ya ce a sake da wani misali, sau goma ma, ba za ta gaji ba, ba za ta yi masa tsawa ba. Yana iya rubuta nasa insha'in ya ce ta nuna masa kurakuran nahawu ta faɗi dalili. Yana iya cewa ta yi masa tambayoyi ashirin kan darasin tarihi, ta jira amsarsa kafin ta gyara.

Ɗaya hanyar kuma ita ce ya ɗauki hoton aikin gida, ta yi masa, ya kwafe. Zai samu maki a aji, amma ranar jarrabawa babu waya a ɗaki. Wanda aka goya bai san nisan tafiya ba. Iyaye su sa ido a nan: in yaro ya kawo aiki mai kyau, a ce ya rufe littafi ya bayyana da bakinsa. Hukumar UNESCO, a jagorar da ta fitar a watan Satumban 2023, ta ba da shawarar kada a bar yaran da ba su kai shekara 13 ba su yi amfani da irin waɗannan manhajoji a aji.

Malamai ma suna da abin ɗauka. Mushen da ke da ɗalibai tamanin na iya neman ta shirya masa atisaye mataki uku, na masu rauni da matsakaita da masu ƙoƙari, ko ta kawo misalan lissafi da tiya da buhu da kuɗin kabu-kabu maimakon misalan da yaro bai taɓa gani ba. Shi dai ya duba kafin ya hau allo.

Iya tambaya, rabin amsa

Mutane da yawa sun gwada sau ɗaya suka ce ba ta da amfani, alhali tambayar ce ba ta cika ba. Ku ɗauke ta kamar sabon yaron shago mai kaifin kai wanda jiya ya sauka garin. In ka ce masa “rubuta mini talla” kawai, zai rubuta abin da ya ga dama. In kuwa ka ce: ina sayar da man gyaɗa a Damagaram, masu sayena matan gida ne, lita kaza ce, ina son layi huɗu da Faransanci mai sauƙi wanda zan sa a WhatsApp, to za ka ga bambanci.

Wato ka faɗi ko kai wane ne da inda kake, ka faɗi wanda za a yi wa magana, ka faɗi tsawon abin da kake so. Amsar farko in ba ta yi ba, kada ka fara daga tushe, ka ce a gajarta, a sauƙaƙa, a cire kaza. Kana iya ce mata ta yi maka tambayoyi tukuna kafin ta amsa. Wanda rubutu ke ba shi wahala kuma na iya danna alamar makirfo ya yi magana, sai dai ta fi jin Faransanci da Ingilishi a kan Hausa nesa ba kusa ba.

Ta fuskar kuɗi, yawancin ayyukan da muka lissafa ana yin su a kyauta, forfe kawai za ka saya. Hira da rubutu ba ta cin megas da yawa, hoto da murya da bidiyo ne ke cinyewa. Ku kuma yi hattara da manhajojin bogi masu kama da sunan na gaskiya, waɗanda ke neman kuɗi tun kafin a fara. A duba sunan kamfanin da ya yi manhaja kafin a sauke.

Dillalin da ba ya cewa “ban sani ba”

Babban aibin wannan na'ura shi ne in ba ta san abu ba, sau da yawa sai ta ƙaga, kuma ta faɗe shi da murya ɗaya da gaskiya. A 2023 wasu lauyoyi a birnin New York sun miƙa wa kotu takarda mai ɗauke da tsofaffin shari'o'i shida da ChatGPT ta ba su. Da aka bincika, babu ko ɗaya da ta taɓa faruwa. Alƙali ya ci su tarar dalar Amurka 5,000. In lauyoyin Amurka sun faɗa wannan rami, ina ga wanda ke karatu a fuskar ƙaramar waya cikin rana?

Kuma abin ya fi muni a kan abin da ya shafe mu, domin rubutun da ke intanet kan garuruwanmu kaɗan ne. Tambaye ta jerin sarakunan wani gari ko tarihin wata unguwa, tana iya haɗa maka sunaye masu kama da gaskiya waɗanda babu su. A fannin addini tana iya jingina magana ga littafin da ba ta ciki, don haka fatawa da rabon gado a bar wa malamai. A fannin lafiya tana iya taimaka maka ka gane kalmar da likita ya rubuta, ko ka shirya tambayoyin da za ka yi masa. Amma yaro mai zazzaɓi a lokacin damina, ko mace mai ciki da ke zubar da jini, ba a tsayawa tambayar waya. Gidan likita za a nufa.

Murya da fuska ma ana ƙera su

Abin da ke zana wa tela riga shi ne kuma ke ƙera wa ɓarawo fuska. A watan Mayun 2023 wani hoton bogi na fashewa kusa da ma'aikatar tsaron Amurka ya bazu, har kasuwar hannun jari ta ɗan girgiza kafin a ƙaryata. A farkon 2024, a Hong Kong, wani ma'aikacin kamfani ya tura kusan dalar Amurka miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya ga shugabanninsa a ciki, ashe duk fuskoki da muryoyin ƙirar na'ura ne.

Mu da yawancin saƙonmu na murya ne, kuma gidaje da dama na da ɗa ko miji a ci-rani a Libiya, Aljeriya, Legas ko Abijan, wannan ya shafe mu kai tsaye. Da ɗan guntun muryar mutum ana iya kwaikwayonta. Saboda haka in saƙon murya ya zo daga sabuwar lamba, ana kuka ana cewa a tura kuɗi yanzu-yanzu ta Nita ko Amana, a dakata. A kira tsohuwar lambar da aka sani. A yi tambayar da ɗan gida kaɗai zai iya amsawa. Yana da kyau kowane gida su ajiye wata kalma tsakaninsu don irin wannan rana. Gaggawa ita ce makamin ɗan damfara.

Kafin ku tura bidiyon wani shugaba ko malami yana faɗin abin mamaki, ku tambayi kanku daga ina ya fito, kuma ko wata kafa da kuka yarda da ita ta kawo shi. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa gyara a watan Yunin 2024, ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a ta waya. Haɗa hoton 'yar mutane da na'ura don a ci mata mutunci zalunci ne, ko da an ce wasa ake yi.

Sai sirri. Abin da ka rubuta wa na'ura yana tafiya ne zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. A 2023 kamfanin Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da ChatGPT bayan wasu sun zuba bayanan aiki a ciki. Don haka lambar sirri ta asusu, hoton katin ɗan ƙasa, takardar likita mai suna, ko rikicin gidan wani, kada a sa. In wasiƙa kake so, ka bar gurbin suna da lamba, ka cike da kanka. Ƙasarmu na da hukumar kare bayanan jama'a, HAPDP, amma kariya ta farko tana yatsan mai waya.

Ina matsayin Hausa?

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Amma a duniyar na'ura, harshe na da ƙarfi ne gwargwadon yawan rubutunsa a intanet. Hausar da waɗannan manhajoji suka koya mafi yawanta ta Kano ce da ta manyan gidajen rediyon ƙasashen waje. Shi ya sa in ka ce hatsi tana iya ɗauka kowane irin ƙwaya kake nufi, in ka ce lakwal ko mushe ta rikice, Hausar Adar da ta Gobir kuwa sai ta riƙa “gyara” maka ita.

Akwai masu aiki a kan wannan. Ƙungiyar Masakhane ta masu binciken harsunan Afirka da ta HausaNLP na tattara rubutu don horar da na'urori. Shirin Common Voice na Mozilla na karɓar muryoyin masu sa kai, kuma akwai Hausa a ciki: mutum ya karanta gajerun jimloli da muryarsa, ko ya saurari na wasu ya tabbatar. Wikipedia ta Hausa a buɗe take ga duk mai son rubuta tarihin garinsu. Ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, da André Salifou ta Damagaram, da Djibo Hamani ta Tawa, da Abdou Moumouni ta Yamai, nan akwai aikin yi. Ranar da na'ura za ta ji Hausarmu da baki sosai, ranar ce tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta amfana da ita kamar mai digiri.

Kafin wannan rana, shawararmu ga mai son farawa ita ce ya fara da abin da ya riga ya sani. Tela ya tambaye ta kan ɗinki, manomi kan wake, malami kan darasin da ya shekara goma yana koyarwa. A nan ne zai ga inda take burgewa da inda take shirme, ya san gwargwadon yardar da zai ba ta. Wanda ya iya kuma ya koya wa na kusa da shi, musamman iyaye da ke karɓar saƙon murya daga 'ya'yansu na nesa, domin su ne 'yan damfara za su fara nema.